Tallafin korona na manoma a Amurka, yadda muka cika fom a ƙauyenmu

Ni dai a wani ƙauye nake a jihar Nebraska, ina taya wani dattijo bature kiwon shanu, to da korona ta shigo a 2020 manyan mayanka suka dinga rufewa saboda ma'aikata na kamuwa, ga shanu sun ƙoshi babu mai saye, farashi ya faɗi warwas. A jihar Wisconsin ma har madara aka dinga zubarwa. A nan ne ma'aikatar noma USDA ta fito da shirin tallafin korona mai suna CFAP, dala biliyan 16 kai tsaye aljihun manoma da makiyaya, aka buɗe karɓar fom ranar 26 ga Mayu.

Maigidan nawa ba ya shiri da kwamfuta ko kaɗan, don haka ni na zauna na cika masa. Gaskiya ofishin noma na ƙaramar hukumarmu sun burge ni, ƙofa a rufe take saboda cutar amma waya ɗaya muka buga wata mata ta ɗauka, ta bi da mu layi-layi ba tsawa ba gajiya, har ta sake kira washegari don mun manta sa hannu a wani shafi. Ba wanda ya ce kawo na goro, ba dogon layi, ba sai ka san wani ba. Kai ne za ka faɗi adadin shanunka ka sa hannu, amma fa ka adana rasit ɗinka don suna iya zuwa bincike daga baya. Kuɗin kuma ta akawun suka shigo, kashi 80 farko, ragowar 20 daga baya.

Inda abin ya ban haushi shi ne maganar kwanan wata. A tsarin na 2020, idan ka sayar da saniyar da za a kai turka mai nauyin sama da laba 600 tsakanin 15 ga Janairu da 15 ga Afrilu, dala 139 za a ba ka a kan kowace. Wadda kuma ba ka sayar ba tana garke, dala 33 kacal. To wallahi da yawan makiyaya sun riƙe shanunsu ne suna jiran kasuwa ta gyaru, suka zo suka sayar a ƙarshen Afrilu da Mayu lokacin da abin ya fi muni, su ne kuma suka tashi da 33 ɗin. Mu ma haka ta same mu, dattijon har dariya ya yi ya ce kwana goma ya ci masa kuɗin ciyawar hunturu. Zagaye na biyu da aka buɗe 21 ga Satumba ya ɗan share hawaye, dala 55 kowane kai, sai dai an cire shanun haihuwa.

Sannan a lokacin iyakar abin da mutum ɗaya zai samu dala 250,000 ne, amma kamfani mai masu hannun jari uku da ke aiki a gonar zai iya kwasar 750,000, ka ga ai mai garke dubu shi ya fi morewa.

Ma'aikatan ofis dai ni na ba su maki biyar cikin biyar, wanda ya zauna ya yanke 15 ga Afrilu ɗin nan kuwa biyu ma da ƙyar.