Shafin EURAXESS na neman aikin bincike a Turai, ga yadda na gan shi

Salam ƴan uwa malamai, musamman na jami'o'in Aliero da Kalgo masu ta tambayata a WhatsApp wai ina ake ganin tallan fostdok, wato aikin bincike bayan ƙare digiri na uku. To ni dai EURAXESS nike dubawa, shafin Hukumar Tarayyar Turai ne kuma kyauta ne, ko sisi ba a biya. Na faɗi haka ne don akwai wani a nan Birnin Kebbi da ke amsar kuɗin mutane wai shina da hanya, alhali abin da ke shafin ga ne yake kwafowa ya tura musu, ku yi hattara.

Abin da ya fi burge ni shi ne wurin tacewa. Ka zaɓi ƙasa, ka zaɓi fanni, ko kemistiri ko fiziks ko injiniyan lantarki, sannan matakinka. R1 na wanda bai ƙare digiri na uku ba ne, R2 shi ne namu da muka ƙare amma ba mu tsaya da ƙafarmu ba tukuna, R3 na waɗanda suka tsaya da ƙafarsu ne, R4 kuwa na manya masu jagorantar fanninsu ne. In ba ka danna R2 ba wallahi haka za ka ƙone datarka kana karanta tallan ɗalibai har dare, ga wuta babu, ga caji na ƙarewa.

Amma fa shafin allon talla ne kawai, yawanci in ka danna sai ya kai ka shafin jami'ar da ta sa aikin, can za ka cike fom, kowace da nata tsarin, wata kuma tana son Faransanci ko Jamusanci don akwai koyarwa ciki, to ka karanta har ƙasa kafin ka sa rai.

Tallafin fostdok na Marie Curie, na Tarayyar Turai, shi mutane suka fi kwaɗayi kuma da gaskiyarsu, wata 12 zuwa 24 ne, ɗan kowace ƙasa na iya nema, galibi a Satumba ake rufewa. Sharaɗi kada ka wuce shekara 8 kana bincike bayan digirin, kuma dole sai ka samu malamin da zai amshe ka can ku rubuta furofozal, wato tsarin binciken da za ka yi, tare. Nan ne gizo ke saƙar. Babu Baturen da zai amsa imel ɗinka don kana da kirki, takardun da ka buga zai duba da mujallun da suka fito ciki, mu ko ga aji cike da ɗalibai ga makin jarabawa, yaushe mutum ya zauna lab balle rubutu? Shi ya sa nike ce ma ƙannena su fara gyara Google Scholar da ORCID, shafukan da ke nuna takardun da mutum ya buga, tun yanzu.

A ganina ma tallafin Georg Forster na gidauniyar Humboldt ta Jamus ya fi dacewa da mu, don na ƴan ƙasashe masu tasowa ne, cikin shekara 4 da ƙare digiri na uku, wata 6 zuwa 24, sai dai a shafinsu ake nema. Mai aikin sola ko ruwan sha ko ban ruwan shinkafa irin ta fadamar Argungu shina da abin faɗi sosai, don suna son binciken da zai amfani gida.

Tauraro huɗu na ba EURAXESS cikin biyar. Mai son Ingila ya haɗa da jobs.ac.uk, can tallansu ya fi yawa.