Manhajar bulus ko shafin "tabbatar kai mutum ne": wanne ya fi haɗari?

Malam, ka tambaya a zauren nan wanne ya fi haɗari ga kwamfutar shagonka: manhajar da aka fasa ake saukewa kyauta, ko shafin nan mai cewa ka tabbatar kai mutum ne. Ƙofa biyu ce, amma ɓarawon ɗaya ne, wato muguwar manhaja mai satar bayanai irin su Lumma, RedLine da Vidar. Da ya shiga sai ya kwashe kalmomin sirrin da Chrome ya adana, da lambobin katin banki, da bayanan walat ɗin kirifto, ya aika wa maigidansa. Microsoft ta ce tsakanin Maris da Mayun 2025 kaɗai ta gano kwamfutoci sama da 394,000 da Lumma ya kama.

Shafin bogin, wanda masana ke kira ClickFix, ya bazu ne tun 2024. Zai ce ka danna maɓallan Windows da R, wani ɗan akwati ya buɗe, ka danna Ctrl da V, ka buga Enter. Abin da ka liƙa umarni ne da shafin ya ɗora maka a ɓoye, shi ne ke shigo da ɓarawon. Wannan yana da sauƙin kauce wa: shafin gaskiya ba ya tura ka wancan akwatin. Rufe shi kawai.

Manhajar bulus ita ce ta fi tayar min da hankali a Kano, domin mun saba da ita har ba ma ganin aibunta. Masu buga katin biki da fosta, ɗalibai, masu shagon buga takardu, kowa na neman CorelDRAW ko Photoshop ba tare da ya biya ba. Za ka ga bidiyo a YouTube, a ƙasansa an sa inda za ka sauke, fayil ɗin kuma an kulle shi da kalmar sirri don kada manhajar tsaro ta leƙa ciki. Sannan a ce ka kashe Windows Defender, wato manhajar tsaron Windows, kafin ka saka. Kai da kanka ka sallami maigadi. Wani lokacin ma manhajar tana aiki lafiya lau, shi ya sa ba wanda ke zargin komai. Kuma ɓarawon yana sace kukis, wato shaidar cewa ka riga ka shiga Facebook ko Gmail, don haka lambar da ake turo maka a waya ba lallai ta tare shi ba.

In ka taɓa yin ɗaya daga ciki, kafin ka kai wa mai gyara a Beirut Road ya goge ta ya sake saka Windows, ɗauki wayarka ka canza kalmomin sirri, ka fitar da duk na'urorin da ke cikin asusunka, ka kira bankinka su toshe katin.