WhatsApp a matsayin zauren muhawarar siyasa: abin da yake iyawa da inda ya gaza

Yawancin zaurukan siyasa a WhatsApp ake buɗe su, don kusan kowa yana da shi a waya. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, wanda ya ishi kowace ƙungiyar magoya baya. Matsalar tana fitowa ne ranar da aka haɗa ɗan a-mutun jam'iyya mai mulki da ɗan adawa a wuri ɗaya, aka ce admin ya raba gardama da kayan aikin da manhajar ta ba shi.

Kayan kashe gobara suna da kyau. Tun 2022 admin yana iya goge saƙon kowa ya ɓace wa kowa, muddin bai wuce kimanin kwana biyu ba, kuma ana ganin sunan wanda ya goge. Wannan nuna sunan abu ne mai amfani, domin yana hana admin share maganar 'yan ɗaya ɓangaren a ɓoye. Akwai kuma maɓallin kulle zaure, inda admin kaɗai ke iya magana. Daren sanar da sakamakon zaɓe, ko ranar da wani babba ya sauya sheƙa, kulle na awa biyu zuwa uku ya fi goge saƙo ɗari. A saitin zauren ana iya kunna tantance masu shigowa, da damar da mambobi za su tura wa admin saƙon da suke ƙorafi a kansa. Duka biyun sai an kunna su da hannu, kuma da yawa ba su san da su ba.

Inda WhatsApp ya gaza shi ne hukuncin tsaka-tsaki. Mutum ya zagi gwamna ko ɗan majalisa da uwa da uba, zaɓin admin biyu ne: ya goge saƙon ko ya kore shi. Ba a iya rufe bakin mutum ɗaya na kwana guda a bar shi yana karantawa. Ba a iya taƙaita yawan saƙo, a ce kowa sai ya jira minti biyar kafin ya sake magana. Telegram, wata manhajar tura saƙo irin WhatsApp, yana da duka biyun. Rashin su yana da tsada a siyasa, saboda kora tana zama hujja: wanda aka cire zai ɗauki hoton allo ya zagaya da shi yana cewa don ya soki gwamnati aka kore shi, ko da kuwa ashar ya yi. Admin mai gudun wannan sai ya riƙa kawar da kai, masu hankali su yi shiru, zauren ya koma hannun masu baki. Fita ma yanzu ba ta da amo, admin kaɗai ake sanar wa, don haka zaure kan zube ba a lura ba.

Ƙuri'ar jin ra'ayi ita ce abin da ya fi yaudarar mutane. Tana ɗaukar zaɓi har 12, tana da sauƙin haɗawa, amma duk wanda ya taɓa wurin duba ƙuri'u zai ga wa ya zaɓi me. A zauren da shugaban jam'iyya ko hadimin ɗan takara yake ciki, tambayar “wa kuke so a zaɓen fidda gwani?” ba ra'ayi take aunawa ba, biyayya take aunawa. Kowa zai danna sunan da ya san ana kallo. Ta dace da tsayar da ranar taro, ba ta dace da abin da zai jawo wa mutum sunan maci amana ba. Ga kuma lambar wayar kowa a bayyane, wanda ya soki shugaba da rana yana iya samun kiran barazana da dare.

Wani tarkon da ba a cika lura da shi ba: wanda ya buɗe zaure, sauran admin ba sa iya sauke shi ko cire shi, sai in shi ya fita da kansa. In ya koma wata jam'iyya, ya tafi da zauren da duk lambobin da ke ciki, har yana iya sauke sauran. Ƙungiyar da ke son zaurenta ya daɗe gara ta buɗe shi da layin ƙungiya, ba layin wani jigo ba.

A kan yarfe da labarin ƙarya, an yi ƙoƙari. Tun 2019 ba a tura saƙo wuri fiye da biyar a lokaci guda, wanda ya sha yawo kuma yana fitowa da kibiya biyu, daga 2020 wuri ɗaya kawai ake iya tura shi. Amma kwafe rubutun a liƙa shi sabo yana share alamar. Gyaran saƙo cikin minti 15 ma kaifi biyu ne, don ana ganin an gyara, ba a ganin abin da aka fara rubutawa.

Bambance suka da cin mutunci kuwa ba aikin manhaja ba ne. Saƙonnin a rufe suke tun 2016, kamfanin ba ya karanta su, sai in an kai ƙara, lokacin ne saƙonni biyar na ƙarshe suke isa gare shi. Don haka a rubuta doka a bayanin zaure, a maƙale ta a sama na kwana 30: a soki aiki da kasafi da alƙawarin da ba a cika ba, ban da iyali da halittar mutum da addininsa. A naɗa admin daga kowane ɓangare. Ga zauren sanarwa na jam'iyya ɗaya, WhatsApp ya wadatar. Ga muhawara tsakanin ɓangarori da ta haura mutum ɗari biyu, Telegram ya fi shi kayan aiki.