Sai da na zo Holan aka auna hannuna kafin a sayar mini da sandar sinuka

Jama'ar majalisa, ina gaisuwa. Kun san dai yadda Allah ya yi ni, ƙafa 6 da inci 5, wanda in ya sunkuya a kan tebur sai kowa ya ja da baya don kada gwiwar hannunsa ta tsone masa ido. Shekara da shekaru kuna cewa dogo ba shi da saiti, ni kuma ina haɗiyewa. To yau na zo muku da bayani, kuma ba neman afuwa na zo yi ba.

Wani shago ne a gefen birnin Rotterdam, ba abin da ake sayarwa a ciki sai kayan wannan wasa da muke kira sinuka, su kuma nan suke kira pul. Na shiga da niyyar in ɗauki mai araha in fita, don sandunan gidan wasan da nake zuwa duk hannun jama'a ya cinye su. Mai shagon dattijo ne, gashinsa fari fat. Bai tambaye ni nawa na riƙo ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya shiga ciki ya fito da abin awo, ya ce in jingina da bango in ware hannuwana. Gaskiya raina ya ɗan sosu, na ɗauka kallo zai mayar da ni, ga wasu mutum biyu a shagon suna duban mu. Ya auna gabana daga yatsa zuwa yatsa, ya sami mita 2 da ɗan ɗoriya, ya rubuta a takarda. Sannan ya miƙo mini sanda irin wadda kowa ya sani, ya ce in buga ƙwallo a teburin gwaji, shi kuma ya tsaya a gefe yana ɗauka da waya.

Da ya nuna mini hoton, kunya ta kama ni a madadin duk wanda ya taɓa koya mini wasa. Hannuna na baya yana can ƙarshen gindin sanda, ƙaramin yatsana ma a iska yake, ba abin da ya riƙe. Kuma duk da haka a takure nake. Dattijon ya ce abin da ake so shi ne, a daidai lokacin da bakin sanda zai taɓa farar ƙwallo, hannun baya daga gwiwa zuwa tafi ya sauko a miƙe, yana kallon ƙasa, sai ya riƙa lilo gaba da baya ba tare da kafaɗa ta motsa ba. Nawa kuwa ya riga ya karkata gaba tun ban buga ba, saboda sanda ta ƙare, ba inda zan ƙara ja. Sai kafaɗa ta shigo aikin da ba nata ba, bakin sanda ya riƙa yin sama da ƙasa. In na yi dabara na matso da hannun gaba kusa da ƙwallo don in sami sarari a baya, sai zamiyar sanda ta gajarce, in rasa ƙarfi, in fara fizga. Shi ne fizgar nan da kuke yi mini dariya a kanta.

Sandar da ta cika duniya inci 58 ce, wajen santimita 147, nauyinta tsakanin giram 510 da 600. An yanka ta ne don matsakaicin mutum. Ya ce su ba tsayin mutum suke fara dubawa ba, tsawon hannu suke dubawa, don akwai dogon da tsawonsa duk a ƙafa yake, 58 ta ishe shi, akwai kuma wanda bai kai ni ba amma hannunsa har gwiwa. Ya ɗauko wani guntun ƙari mai zare ya murɗa a gindin sandar ta koma inci 60, na buga. Ya canza wani ta koma 62, na buga, sai na ji gindin yana rinjaya, bakin yana neman tashi daga kan yatsuna. Ya ce ai dama haka ne, duk abin da ka ƙara a baya nauyi ne, kuma yana jan ma'aunin sandar ya koma baya. Ya ɗora ta a yatsa ɗaya ya nuna mini inda take daidaita, ya cire ƙarin ya sake ɗorawa, wurin ya matsa. Shawararsa ita ce in gwada ƙarin na ɗan lokaci, in na tabbatar da tsawon da ya karɓe ni, sai a yi mini sanda inci 61 tun daga tushe, a raba tsawon tsakanin gaba da gindi. Mutumin nan ya kusa awa guda a kaina, kuma abin da na saya ranar guntun ƙarin nan ne kawai da alli. Ko a fuska bai nuna ba.

Kada ku ɗauka don ƙasar dogaye ce komai a shirye yake. Matsakaicin namiji a nan ya kai wajen santimita 183, ƙofofinsu da kekunansu duk sun san da haka, ban taɓa buga goshi a bakin ƙofa ba tun da na zo. Amma sandunan da ke jere a bangon shagon kusan duk 58 ne. Wasan da tsofaffinsu suka fi so ma, wanda teburinsa ba rami, ƙwallo 3 kawai, sandarsa ta fi tamu gajarta, kuma da ita gwaninsu Dick Jaspers ya ci kofin duniya ba sau ɗaya ba. A wasan rami kuma suna alfahari da Niels Feijen, wanda ya ci gasar duniya a Doha a 2014. Na tambayi dattijon ko doka ta yarda da sanda mai tsawon da zai yi mini. Ya yi dariya ya ce hukumar pul ta duniya ba ta sa iyaka a tsawo ba, gajarta ta hana, kada ta gaza inci 40, kada kuma nauyi ya wuce kimanin giram 700. Har ya ba ni labarin wani Bature, Alec Brown, da ya zaro 'yar sanda kamar alƙalami daga aljihu ana tsakar gasar sinuka ta asali, wadda dokarta daban take da ta pul, a Landan a 1938, alƙalin wasa ya ce laifi ne, daga nan aka kafa dokar cewa sandar sinuka ba ta gaza ƙafa 3.

Yanzu ga inda suke ba ni haushi. Sanda ta musamman ba a ɗauka a tafi, sai ka biya, ka koma gida ka yi ta jira makonni, kuma kuɗinta in na juya shi zuwa naira sai in ji kamar in nemi gafara. Dokarsu ta ba ka kwana 14 ka mayar da abin da ka saya ta intanet, amma ban da wanda aka yi don kai kaɗai, in ka yi kuskuren awo kai da ita har abada. Jakar sanda ma da na riga na saya ta yi mata kaɗan, sai wata. Ragi kuwa babu, na ce Baba a duba mini, ya dube ni kamar na yi wani yare. Shagon yana rufewa tun kafin in taso aiki, Lahadi a kulle. Gidan wasan kuma da awa ake biya, agogo na tafiya ko kana wasa ko kana shan ruwa, daren Juma'a sai ka kama tebur ta waya tun da rana. Ka yi bugun da a gida sai an ɗaga ka sama, a nan wani zai ɗan ƙwanƙwasa alli a bakin tebur, shi ke nan yabon. Rannan na yi kabbara da ƙarfi da ƙwallo ta faɗa, duk ɗakin aka waiwayo.

A irin wannan lokaci nake tuna rumfarmu, da ƙarar janareto, da mai shayi yana aiko da yaro, da wanda ya ci ya zauna a tebur har sai an tumɓuke shi, da 'yan kallo goma kowa da shawararsa. Wallahi ina kewar har zagin.

Amma kewa ba za ta hana ni faɗa muku gaskiya ba. Mu da ba ma yarda tela ya yanka mana shadda sai ya auna kafaɗa da hannu da wuya, mu dawo mu yi masa tijara a kan rabin inci, mu ne kuma muke karɓar sanda ɗaya daga yaro ɗan shekara 12 har zuwa irina, mu ce wai hannu ne. Sandar ma a jingine take da bango cikin rana da ƙurar hunturu har ta lanƙwashe, in ka gangara ta a kan tebur tana tsalle. Fatar bakinta ta fita tun bara, an bar roba tsirara tana yagar kyallen tebur. Alli ya ƙare, a goga a bango. Ƙafar tebur ɗaya an tokare ta da kwali. In ka yi magana mai tebur ya ce haka kowa ke bugawa, in ba ka iya ba ka ba wani. Kullum yana karɓar kuɗin wasa, amma sayen fata da gam ya zama aiki. A nan kyallen tebur da ƙwallaye masu kyau daga maƙwabta Beljiyam ake kawo su, ban ce ku kai can ba. Katako mai ramuka da za a tsayar da sanduna a miƙe a inuwa, kowane kafinta a unguwa zai yi shi kafin la'asar. Doguwar sanda guda ɗaya a ajiye saboda dogaye, gajera guda ɗaya saboda yara da kuma lungun nan da bango ke tare mutum, ba za su karya jarin kowa ba.

Ƙanena da ya biyo ni a tsawo, na ji an ce shi ma kun fara sa masa suna. Ku tsayar da shi a bango ya ware hannu, ku auna da abin awon tela, ku turo mini lambar a santimita, ban da kintace. Akwai sanduna na kabon, ba na katako ba, da zafi ba ya lanƙwasa su, ita nake so in nemo masa in aljihu ya yarda. Ba a barin mutum ya shiga da sanda cikin jirgi a hannu, sai a akwatin kaya, don haka wanda ya sa ran takalmi a zuwan nan ya haƙura, wurin ya cika.