Yaya, kada ki dasa na'a-na'a a ƙasa

Assalamu alaikum Yaya, ya gida, ya yara, ya damina? Na ji saƙonki cewa za ki dasa na'a-na'a a gefen rijiya. Don Allah dakata ki ji abin da ya same ni.

Nan Manchesta komai na shuka sai da kuɗi, har ƙasa. Wallahi a buhu ake sayar da ita a shaguna irin su B&Q, ki biya ki cicciɓo. Ranar da na fara saya sai da na tuna kashin awakin da muke kwasowa kyauta a gidan Goggo a Tudun Wada. Na'a-na'ar kuwa a kantin Tesco ana sayar da ita da ranta cikin ɗan kofin roba, ba ta ma kai wadda mai kayan miya zai ɗora miki gyara a kasuwar Kawo ranar Talata ba. Ƙamshin ma bai kamo na gida ba, ko hancina ne, oho.

Ita na dasa a ƙasa kusa da albasa. Da sanyi ya shigo ta bushe ƙurmus, na ce shi ke nan. Ashe saiwarta rarrafe take ta ƙarƙashi. Watan Afrilu sai ga ta ko'ina, ta shaƙe albasar, ta bi ta ƙasan shinge ta ɓullo a gidan maƙwabcina, wani dattijon Bature. Bai yi faɗa ba, cebur ya ara min, kunya kamar in nutse. Yini guda ina zaro saiwoyi farare dogaye kamar igiya, kuma ɗan guntun da ya tsinke ya tsaya a ƙasa sai ya sake tsiro. Abin da zan yaba musu, ƙaramar hukuma na ba da koren mazubi na sharar lambu, motarsu ta zo ta kwashe.

Ke da babu sanyin da zai kwantar da ita, ga danshin rijiya, ai sai ta kori lalo da yakuwarki. Ki samu tsohon bokitin fenti, ki huda gindinsa, ki ɗora kan siminti don kada saiwa ta bi hujin ta shiga ƙasa. Reshen da ya kwanto waje ki datse ki jefa a shayi ko zoɓo. Shekara-shekara ki juye, ki raba saiwar, ki canja ƙasa.

In an samu mai tahowa a sako min kuka da daddawa. A gaida Umma.