Bindigar farautar manyan namun daji a Amurka: wadda zan saya da dala dubu da 'yan kai

Da zarar Oktoba ta matso, sai wani cikin 'yan'uwanmu mazauna Amurka ya bugo waya da tambayar da na saba ji: abokan aiki sun gayyace shi farauta a jihar Kolorado ko Wayomin, yana da kamar dala 1,500, wace bindiga ce za ta kai harsashi nesa ba tare da ta ƙwaƙule masa aljihu ba? Amsata ɗaya ce. Sayi Tikka T3x Lite mai cin harsashin .30-06, sauran kuɗin ka zuba su a madubin saiti na gaske, wato na hangen nesa da ake ɗaura wa bindiga, da harsasan gwaji. Ga dalilaina, ga kuma inda ake cutar mutane.

Doka tukuna. Ɗan ƙasa da mai takardar zaman dindindin suna iya saye a shagon da ke da lasisin tarayya, su cike fom mai lamba 4473, a binciki sunansu. Mai bizar karatu ko ta aiki kuwa dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga, sai idan yana da lasisin farauta mai aiki. Kolorado ba ta sayar da lasisin farauta ga wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin koyon farauta. Kuma maganar Amurka muke yi. Kada wani ya raya a ransa zai cusa irin wannan a kwantena zuwa gida, gidan yari zai kai kansa.

Sai batun nisa, domin nan ne bidiyoyin YouTube ke ruɗin mutane. Harsashin .30-06 da aka daidaita saitinsa a yadi 200 yakan sauka da kusan inci 8 a yadi 300, ƙafa biyu a yadi 400, kusan ƙafa huɗu a yadi 500. Iska mai gudun mil 10 a awa idan ta bugo daga gefe za ta kauce da shi wajen inci 20 a yadi 500 ɗin. Elk dabba ce babba, dangin barewa, namijinta yakan wuce kilo 300, amma wurin da ake nema a jikinsa, huhu da zuciya, bai fi faɗin faranti babba ba. Ga sabon maharbi, yadi 300 ma nesa ne. Wanda ya yi bisimilla ya harba yana son naman ya faɗi a wurin, ba ya shige daji da karyayyar ƙafa ya mutu inda ba mai gani ba.

To me ya sa Tikka? Kamfanin Sako ne ke ƙera ta a garin Riihimäki na ƙasar Finlan, a masana'antar da ake yin bindigogin Sako masu ninkin farashinta, kuma samfurin T3x ya fito ne a 2016. Sun yi alkawarin harbi uku a yadi 100 za su taru cikin inci ɗaya, idan harsashin mai kyau ne. Kamfanoni da yawa suna irin wannan alkawari yanzu, saboda haka ba shi ne ya ja ni ba. Sakatar ce, wato ƙarfen da ake ja baya a tura gaba don fitar da kwanso da shigar da sabon harsashi. Ka je shago ka ce a miƙo maka ita, ka ɗaga hannun sakatar ka ja baya da yatsa biyu. Sulɓi take yi, ba kakarewa, ba karkarwa. A shago wannan kamar ƙawa ce kawai. A kan dutse da asuba, ƙanƙara ta rufe ƙasa, hannunka cikin safa mai kauri, elk ya ji ƙarar farko yana shirin shiga itatuwa, a lokacin za ka san darajarta. Na taɓa riƙe wata mai araha, wadda ba zan kama sunanta ba, sakatarta ta cije a irin wannan sanyin da harsashi na biyu rabi a ciki rabi a waje. Tun daga ranar, abin da nake fara dubawa ke nan a jikin kowace bindiga, kafin farashi ma.

Kunamarta ita ma ba ta da ja-in-ja. Tana sakin harbi tsaf ba tare da ta yi ta jan ƙafa ba, kuma ana iya daidaita nauyinta tsakanin laba 2 zuwa 4. Ga rashin nauyi: kusan kilo uku ce ba madubi. Wanda bai taɓa hawan tsaunin Kolorado ba zai ce mene ne rabin kilo. Farautar elk sau da yawa a tsayin ƙafa dubu tara zuwa sama ake yin ta, inda numfashi ke gagarar mutum ko da hannu rabbana yake tafiya, kuma idan Allah ya ba da sa'a, naman a bayanka za ka sauko da shi.

Tana da nata aibin. Rashin nauyin nan yana sa ta tokari kafaɗa sosai, har wasu kan canza robar gindinta. Bututunta siriri ne, bayan 'yan harbe-harbe a jere ya yi zafi, sai ka jira ya huce. Gidan harsashinta na roba ne, uku yake ci, kuma na ajiya yana da tsada ba gaira ba dalili. Farashinta yakan kama daga dala 700 zuwa 900, ya danganta da shago da irin ƙarfen. Duk da haka ita zan sake saye gobe.

Sauran fa? Ruger American ta fi araha kuma tana harbi daidai, idan kuɗin sun gaza ita ce ta biyu. Savage Axis ta fi kowa sauƙin kuɗi, kuma da ka riƙe ta hannunka zai gaya maka haka. Bergara B-14 ta ƙasar Sifen kyakkyawa ce, amma samfurinta na harbin nesa ya haura kilo huɗu, wannan ta harbi a kan tebur ce a filin gwaji. Weatherby Vanguard da Howa 1500 uwarsu ɗaya a Japan, ƙarfi kamar me, nauyi ma haka. Remington 700 tana nan tun 1962, sai dai kamfanin ya durƙushe har sau biyu, a 2018 da 2020, kuma a 2014 ya janye wasu daga kasuwa saboda matsalar kunama, don haka tsohuwarta sai da bincike.

Harsashi kuwa, samari za su ce maka 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007. Yana da taushin tokari, ya dace da barewa, kuma dokar Kolorado ta yarda da shi. Ga elk a nesa ni dai na fi son mai nauyi. Wasu kuma su tura ka ga .300 Winchester Magnum. Saka wannan a bindiga mai kilo uku, kafin ka gama kwali ɗaya ka fara runtse ido tun kafin ka taɓa kunama, kuma wannan ɗabi'ar tana da wuyar fita. Shi .30-06 tun 1906 yake aiki, ƙaramin shagon ƙauye a Montana ma za ka same shi a kan kanta. Mai farauta a Kalifoniya ya tuna tun Yulin 2019 an hana harsashin dalma a can, sai na tagulla.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke salwanta. Bindigar jabu ba ta cika yawo ba, amma madubin saiti na jabu ya cika intanet. Ana kwaikwayon madubin kamfanonin Leupold da Nightforce da Vortex har da kwali da takardar garanti da tambari, kuma Leupold da kansa ya sha fitar da gargaɗi a kan haka. Wani mai sayarwa a intanet ya taɓa turo mini irinsa. A ido ba ka ce komai ba. Sai a filin gwaji: na murɗa maɓallin sama, harsashi ya tafi gefe, na mayar da shi inda yake, bai koma wurinsa na farko ba. Da yamma ta yi, raɓa ta kwanta a cikin gilashin, ta ciki, inda ƙyalle ba ya kaiwa. Da na nemi mutumin, shafin ma babu shi.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Madubin da ake sayarwa dala dubu ka gan shi sabo a dala 200, araha ba ta ado. Duba rubutun jikinsa, na jabu yakan zama fenti ne a sama, ko haruffan su karkace. Karɓi lambar jikinsa ka kira kamfanin kafin ka biya, za su duba maka. Kuma garantin da Vortex da Leupold ke taƙama da shi na har abada bai shafi jabu ba. Gara ka sayi ƙaramin samfurinsu na dala 300 zuwa 400 a shagon da ke da ƙofa da adireshi. Kada kuma ka tsuke hannu a zobban da ke riƙe madubin, zobe mai arha yakan saki bayan 'yan harbi, ka yi ta zargin bindigar da ba ta da laifi.

Akwai kuma shagunan bogi, waɗanda suka yawaita lokacin ƙarancin harsashi na 2020 da 2021 kuma har yau ba su ƙare ba. Shafi ne mai kyan gani, komai akwai, komai da rangwame. Idan ka zo biya sai a ce ba a karɓar katin banki, sai manhajar tura kuɗi ta Zelle ko Bitcoin ko katin kyauta. Rufe shafin. Wanda ya ce zai aiko maka bindiga har ƙofar gida ba tare da ta bi ta hannun dila mai lasisi ba, ko ɓarawo ne ko yana shirin jefa ka cikin laifin tarayya. Facebook ya hana cinikin bindiga tsakanin mutane tun 2016, saboda haka mai tallar ta a can ta saƙon sirri ya riga ya nuna maka ko shi wane ne.

Ta hannu kuma, idan za ka saya, ka saye ta a shago. Cire sakatar, haska tocila ta baya ka leƙa cikin bututun, ka duba tsatsa da zaizayewa kusa da inda harsashi ke zama, sannan ka duba bakin bututun ko ya taɓa bugun dutse. Tambayi ko an taɓa kunamar, domin wasu kan sassauta ta a gida har ta zama haɗari. Idan mai shagon ya hana ka cire sakatar, ajiye masa kayansa ka nufi shago na gaba.