Gargaɗi kan memorin jabu da ake tallarsa cike da karatu da waƙoƙi

Jama'a, duk mai ƙaramar rediyo mai cin memori ko MP3 ɗin aljihu ya yi hattara da masu yawo da katin memori a tashoshin mota, da bakin masallatan Juma'a bayan an idar da salla, da wuraren cunkoson ababen hawa a cikin birnin Kano. Za a miƙo maka kati an rubuta 64GB ko 128GB a jikinsa, a ce an cika shi da Alƙur'ani izu sittin na makaranta da yawa, da tafsirin azumi, da littattafan Hausa na sauraro, da waƙoƙi dubbai, a kuɗin da bai kai na sabon memori mai giga 16 wanda babu komai a ciki ba. Mai tallar zai sa shi a rediyonsa, karatu ya tashi tangaram, ka biya. Sai ka je gida ka tarar folda biyar ko shida ne kawai ke magana, sauran duk suna ne babu murya.

Ga yadda ake haɗa cutar. Kowane memori yana da ɗan ƙaramin sashe da ke gaya wa waya ko kwamfuta girmansa. Masu jabu suna ɗaukar kati mai giga 4 ko 8, su sauya wannan bayanin ya riƙa cewa 64 ne, su buga masa tambarin SanDisk ko Samsung na ƙarya. Wayarka ba ta aunawa, abin da katin ya faɗa mata shi take nuna maka. Jerin sunayen fayiloli yana zama ne a wurin da ke da lafiya, shi ya sa za ka ga sunan kowace sura da kowane littafi reras, har da nauyinsu. Amma duk abin da aka tura bayan gigan gaskiya ya cika, ko dai ya tafi a banza, ko ya koma ya hau kan na farko ya lalata shi. Nan ne rediyo za ta tsallake fayil, ko ta rubuta Format Error, ko littafi ya yanke ana tsakiyar labari.

Abin da ya fi ciwo shi ne mutumin da ya ga sarari ya rage, ya kwashe hotunan biki da karatun da ya naɗa a makaranta ya zuba a ciki, sannan ya goge na waya. Wannan kam da wuya a samu mai gyaran da zai dawo masa da su daga katin, domin yawanci tun farko ba su sauka ko'ina ba.

Lissafi kaɗan yana tona asirin tallar. Fayil ɗin MP3 mai ingancin 128kbps yana cin kusan megabait ɗaya a minti ɗaya, wato waƙar minti huɗu megabait huɗu, karatun awa ɗaya kusan 58. Idan an matse shi zuwa 64kbps, wanda ya wadatar ga wa'azi da littafi, awa ɗaya ba ta wuce megabait 29. Giga 8 na gaskiya ba zai ɗauki fiye da waƙa dubu biyu irin waccan ba. To wanda ya ce maka ya zuba dubu goma sha biyar, tambaye shi awa nawa turin ya ɗauka. Kati mai rubuta megabait 10 a daƙiƙa yana buƙatar kusan awa biyu kafin giga 64 ya cika.

Kada kuma a zalunci ɗan kasuwa mai gaskiya. Memori na asali mai 64GB yana nuna kusan 59 a kwamfuta, mai 32GB kusan 29. Wannan bambancin ƙidaya ne tsakanin kamfani da kwamfuta, ba ha'inci ba ne.

Kafin kuɗi ya bar hannunka, karɓi katin ka sa a taka wayar, kada ka yarda da gwajin da ya yi a tasa rediyon, don ya san foldar da ke aiki. Buɗe folda goma daga wurare daban-daban, musamman na can ƙasa, ka kunna fayil ɗaya a kowace, ka ja shi zuwa minti na ƙarshe. Idan ya fara cewa “Alhaji sauri nake, mota za ta tashi”, mayar masa da abinsa. Dubi rubutun jikin katin ma: na jabu yakan yi dishi-dishi, wani har farce yana kankare shi. Amma akwai jabun da bugunsa ya yi kyau, don haka ido kaɗai bai isa ba.

Gwajin da ba ya ƙarya sai a kwamfuta. Akwai manhaja kyauta mai suna H2testw ta Windows, da F3 ga masu Linux da Mac. A kwashe komai daga katin, a zaɓe shi a cikin manhajar, a danna Write + Verify. Za ta cika katin dam da bayanai, sannan ta karanto su ɗaya bayan ɗaya. Na gaskiya zai gama babu kuskure. Na jabu za ta nuna maka giga nawa ne lafiyayyu, nawa ne DATA LOST, wato waɗanda bayanansu suka ɓace. Yana ɗaukar awanni, shi ya sa ya fi kyau a saya a shago tsayayye, irin na Farm Centre ko titin Beirut, a karɓi rasit mai sunan shago da girman katin, a yi sharaɗi da mai shagon cewa idan ya faɗi gwaji za a dawo da shi. Yin fomat ba ya gyara katin jabu, ƙaryar ba a nan take ba.

Wani lokacin kuma katin lafiyarsa ƙalau, rediyon ce ba ta iya karanta shi. Yawancin ƙananan rediyoyin nan ba sa wuce giga 32, kuma tsarin ajiye fayil mai suna FAT32 suke ganewa, alhali kati mai 64 zuwa sama yana zuwa ne da wani tsarin mai suna exFAT. Ga mai irin wannan rediyo, 16 ko 32 na asali ya ishe shi. Haka saƙon murya na WhatsApp yana zuwa ne a nau'in fayil mai suna opus, wasu shirye-shiryen kuma a m4a, kuma sauya wutsiyar sunan zuwa mp3 ba ya mayar da shi MP3, sai an juya shi da manhaja irin Audacity ko VLC. A sa lamba a gaban sunaye, 001, 002, 003, in ba haka ba babi na 10 zai riga na 2 fitowa.

Ƙanin wannan damfara yana Facebook da Telegram: a ce ka tura kuɗi a ba ka “rumbun littattafan sauraro”, sai a turo maka fayil mai ƙarewa da apk. Wannan ba sauti ba ne, manhaja ce. Idan ka girka ta ta nemi izinin karanta saƙonninka, lambar sirrin da banki ke turo maka take nema. Haka masu cewa za su kwafe maka abin da aka sauke a manhajar waƙoƙi ta Spotify ko ta littattafan sauraro ta Audible zuwa memori: waɗannan fayiloli a kulle suke, a cikin manhajarsu kaɗai suke buɗewa.

Abin da mutum ke nema ma da yawansa kyauta ne. Karatun Alƙur'ani sura-sura yana mp3quran.net, tsofaffin littattafan Turanci da aka karanta suna LibriVox, archive.org na da tarin wa'azi da karatuttuka. Sauke su da kanka, ko ka kai katinka da ka riga ka gwada wurin mai turi da ka sani a unguwa, ka tsaya a tura a gabanka. Wanda kuma aka riga aka cuta a shago, ya riƙe rasit da hoton sakamakon gwajin, ya fara kai wa shugabannin kasuwar, in ba a share masa hawaye ba ya wuce Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta jihar Kano.